Tsohuwar Karya a Ɗakin Haya

Ni fa tun farko ba mai son kare ba ce, a san wannan. A gidanmu na Damagaram in kare ya leƙo zaure da dutse ake tararsa, kuma a haka na tashi. Bakina ne ya kai ni cikin ƙungiyar masu ceton karnuka a Yamai, ba tausayi ba. Shugabar ƙungiyar abokiyar aikina ce, lekol ɗaya muke koyarwa. Rannan a ɗakin malamai ta miƙo mini salularta, wai in duba mata wani saƙo da suka juya daga Faransanci zuwa Hausa. Na karanta, na ce, "Haba Madam, wannan Hausar ai ko karen ba zai gane ta ba." Na gyara mata. Shi ke nan fa, daga ranar na zama mai rubuta labaran ƙungiya.

Aikin ba shi da wuya. Duk sati in rubuta abin da ya faru, a saka a gurup: an tsamo kwikwiyo daga kwata a bayan Babbar Kasuwa, an yi wa wasu allurar haukan kare, buhun abinci ya kusa ƙarewa, mai hali ya taimaka. A ƙasa kuma in ƙara shawara. Kar a ɗaure kare a rana. A ajiye masa ruwa a inuwa. Kar a ja shi kan gudoro, wato kwalta, da tsakar rana, tafin ƙafarsa ƙonewa yake. A ɓoye maganin ɓera. Likitan dabbobin da ke taimaka mana yake faɗa, ni in sa masa gishiri in rubuta. Ban taɓa ko shafa kan kare ba, amma ga ni ina koya wa masu hali na unguwar Plateau yadda za su riƙe nasu.

Karnukan kuwa a wani lambu suke a bakin kogi, nan Gudel, wani dattijo mai noman salati ya ara mana gefe aka kewaye da waya. Sai damina ta zo da ƙarfinta, kogi ya cika ya tumbatsa, ya haura cikin lambuna. Da hantsi Madam ta kira ni, ta ce ruwa ya ci wurin, an kwashe karnuka ana raba wa ƴan ƙungiya. Duk an samu masu ɗauka sai guda, kuma ni ce mafi kusa. "Ƴan kwanaki ne kawai, ƴar'uwa, kafin ruwa ya janye." Kafin in buɗe baki in ce gidan haya nake, mota ta tsaya a ƙofar gida.

Aka sauko da ita. Tsohuwar karya ce, ja, bakinta ya yi furfura, kunne guda a yage, ƙafar baya a shanye tun wata mota da ta taɓa bankarta. Ta dube ni, na dube ta. Wallahi babu wadda ta yi murna a cikinmu. Ban ko raɗa mata suna ba, don kar mu saba. "Ke" nake ce mata, kuma tana amsawa.

To, bari in faɗi yadda gidan yake, don a gane inda na shiga uku. Tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, mu ƴan haya ƙalilan, sai mai gidan, Hajiya, tsohuwa ƴar Tawa wadda ta zo Yamai tun ana shan ruwan kogi kai tsaye. Ɗakina ciki da falo ne, kuma a cikinsa aka kawo ni amarya. A cikinsa mijina ya yi jinya, a cikinsa ya cika. Lemun tsamin da ke bakin ƙofa shi ya shuka. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka in aka cire ɗakin nan ban san abin da ya rage mini nasa ba. Lokacin takabata Hajiya ce ta zauna da ni, ita ke dama mini kunu, ita ke korar masu dogon zama. "Ɗiyata" take ce mini, kuma ba a baki kawai ba.

A gidan nan kwano ba ya zama wuri ɗaya. In na yi dambu sai na zuba na Hajiya, in ta yi kopto, kwaɗon zogalen nan, sai nawa ya iso, kuma kwano ba ya komawa wurin mai shi wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai an jefa. Da haka muke gane lafiyar juna. In kwanon wata bai zo ba, to a je a duba ta.

Ranar da karya ta shigo, Hajiya na zaune kan tabarmarta tana jan carbi. Sai da ta kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, wannan fa?"

"Baƙuwa ce, Hajiya. Ƴan kwanaki za ta yi."

"To, Allah ya sa baƙuwa ce mai tafiya."

Ruwa ya janye, amma mai lambu ya ce ya gaji, ƙasarsa yake so ya shuka albasa. Ƴan kwanaki suka zama wata, wata ya zama watanni. Sauran karnukan duk aka yi ta samun masu so, tawa kuwa ko mai tambaya babu.

Kwano ne ya fara ba ni labari. Na yi shinkafa da wake na kai wa Hajiya, ta karɓa ta yi godiya, da la'asar sai na tarar da shi a bakin ƙofata a rufe, yadda na kai shi, ko cokali ba a sa ba. Na ce ko ba ta jin daɗi ne. Na sake kaiwa, ya sake dawowa. Maƙwabciyata ce ta fito mini a fili, a bakin famfo: "Malama, kar ki ji haushi, amma wa ya san abin da karyar nan take lasa in kin juya baya?" Na rantse mata kwanukana a kabad suke a kulle, karya da tasarta daban. Ta ce ta yarda. Amma daga ranar in na ɗebi ruwa sai an wanke bakin famfo da toka kafin wata ta tara bokiti. A gabana fa, ba a ɓoye ba!

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban da wanda zan yi wa faɗa. Su ba mugunta suke ba, ni ma da haka zan yi in da wata ce ta kawo. Sai in shiga ɗaki in sauke a kan karya: "Ke, kin ga abin da kika ja mini? Ke ba kyau ba, ke ba gadi ba, sai ci da tusa." Ita kuwa ta kwantar da haɓa a kan ƙafarta tana kallona har in gama.

Rayuwata ta koma ba shiga ba fita. In zan tafi lekol sai in kulle ta a falo da ruwa, in bar taga a buɗe, in yi ta addu'a kar a ɗauke kuran, wutar lantarki, fanka ta tsaya, don rufin tol ne, ƙarfe zalla, da rana ɗakin tanda yake zama. Ana tashi in ruga gida, ko gaisawa da iyayen yara ba na tsayawa yi. Sai an yi sallar asuba maza sun shige in fita da ita bayan gari ta yi abin da za ta yi, tana ɗingishi ina jan igiya, lulluɓe har ido don kar wani ya gane ni. Biki ya wuce ni, suna ya wuce ni. Hutu ya zo ban je Damagaram ba, wa zan bar wa? Surukata, uwar mijina, tana unguwar Kalle, tsohuwa ce da ba ta gani sosai, na saba kai mata ziyara duk Juma'a. Ita ma sai ta waya. Ƙawayena suka daina zuwa, wai mala'iku ba sa shiga ɗakina, su ma bari su bi sahu.

Kuma duk sati ina zaune ina rubuta wa gurup labari mai daɗi. "Albishirinku, masoya! Wani kwikwiyo ya samu gida." Ina rubutawa ina tsaki.

An yi taron neman taimako a wani lambun shaƙatawa a Plateau, aka rataya hotunan karnuka a igiya kamar shanya. Mutane suka zo da turarensu, suna tsayawa gaban ƴan kwikwiyo suna "wayyo, ji ɗan kyakkyawa." Na tsaya kusa da hoton tawa kamar mai tallan da ya kwantai. Wata mata ta dube shi ta ce, "Allah sarki, wannan ai ta gama duniya," ta ba da buhun abinci ta wuce. Madam ta ja ni gefe ta ce laifin hoton ne, in sake ɗauka mai kyau. Na dawo gida na ɗaura wa karya ɗankwalina a wuya, na ce ta yi murmushi. Tabɗi! Sai ta fito kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Na yi dariya har da hawaye, ni kaɗai a ɗaki, ita kuma ta taso ta ɗora kanta a gwiwata. Ranar na fara shafa kan kare a rayuwata. Na wanke hannu bayan nan, amma dai na shafa.

Azumi ya zo cikin zafin nan mai narka mutum. Da magariba tsakar gida ta cika da ƙarar kwanuka, kunu na ƙetarawa, ƙosai na ƙetarawa, ƙanƙara na yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Ƙofata ce kawai ake tsallakewa. In sha ruwa da dabino, in gutsura wa karya biredi, mu ci muna jin hirarsu ta labule. Ban taɓa jin maraici irin na watan nan ba, ko a takaba.

Bayan ƙaramar salla Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta ce, "Ɗiyata, na yi haƙuri, kin gani. Ƴan haya suna ƙorafi, limamin unguwa ya yi mini magana. Layya na tafe, nama zai kwana a tsakar gidan nan. Ba zan iya da kare a gida ba."

Na durƙusa. Na ce ta yi mini rai, wallahi ina nema. Na ce in na sake ta a titi da ƙafa uku ba za ta kai sati ba, ko yara su jefe ta ko mota ta ƙarasa ta.

Ta ce, "To, ji nan. Muddin akwai nama a gidan nan, ko hancinta kar in gani a waje. In kwanakin salla suka wuce, ko ita ta fita, ko ku fita tare. Ba na son haka, Allah ya sani, amma magana ta ƙare."

Na fito na tsaya gaban lemun tsamin nan. Na kira Madam, ta ce tana ƙoƙari. Na kira duk wanda na sani mai gona ko garka. Wannan ya ce yana son kare amma mai haushi, wancan ya ce mai ƙafa huɗu. Na nemi wani ɗakin a ɓoye, duk inda na ce da karya nake sai a ce an riga an kama.

Ana saura kwana kaɗan salla na rubuta saƙon da muke fitarwa duk shekara, na ma fi kowace shekara ƙawata shi. Jama'a, layya ta zo, a kula. Kar a ba kare ƙashin da ya ga wuta. Ɗanyen ƙashi daban, gasasshe daban: gasasshe tsagewa yake kamar kara, ya zama tsinke, ya huda hanji. Kar a ba shi mai yaji ko albasa. A kwashe tsinken nama daga ƙasa. Mutanen gurup suka yi ta turo hannayen tafi. A gidanmu kuwa ban ga wanda zan karanta wa ba, tunda babu mai kusantar karyar balle ya ba ta wani abu.

Ranar salla, wanda ya san Yamai ya san yadda take. Kafin azahar an feɗe raguna, an baje kowanne a kan sanduna biyu a gicciye, an jera su a tsaye sun kewaye wuta a bakin titi, layi guda har ƙarshen unguwa. Gari duk hayaƙi da ƙamshin kitse. Ranar ba a taɓa naman, sai kayan ciki da mata ke soyawa, sai washegari a sassara a yi rabo. Ni da karya muna kulle tun safe. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, don akwai rata a wurin, hannu na shiga, amma ina! Ƙamshi ba ya neman izini. Ta yi ta zagaye falo tana ɗingishi, ta je ƙofa ta shinshina, ta dawo ta dube ni, tana wani siririn kuka ƙasa-ƙasa kamar jariri. Na dafa mata shinkafa da kifi, ta ci, ta koma ƙofa. Na ce, "Ke, yi mini shiru, kar ki sa a kore mu tun yau." Sabon ɗinkina na kan gado, ban ko saka ba.

Washegari surukata ta kira da kanta. Ta ce, "Ɗiyata, ko mutuwar ɗana ta raba mu ne?" Wannan kam ba ta da amsa sai tafiya. Na cika wa karya tasar ruwa, na kunna fanka, na kulle ƙofa, na tari taksi zuwa Kalle. Tsohuwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ta sa aka kawo mini soyayyen nama, ta yi ta ba ni labarin ɗanta yana yaro. Na ce zan tashi, ta ce sai na yi la'asar. Rabona da zama cikin mutane a ci a yi dariya har na manta, sai na zauna.

Da na dawo, tsumman ƙasan ƙofa na gefe an janye shi. Na buɗe. Karya na kwance tana lasar baki, wutsiya na bugun ƙasa, ban taɓa ganin ta cikin farin ciki haka ba. A gabanta wani tsohon murfin kwano ne da ba nawa ba, an turo shi ta ratar, an lashe shi tas. Gefensa ɓaraguzan ƙashin haƙarƙari, gasasshe, sun yi tsini-tsini.

Ina tsaye sai na ji takun Hajiya a bayana. Ta tsaya nesa da ƙofa, tana gyara mayafi, kamar mai jin kunya.

"Ɗiyata, kin dawo? Ni ce na tura mata. Tun jiya kukanta ya hana ni sakat. Na gama rabo, kowa na gidan nan ya samu, har mai gadin makaranta na ba, sai na ce to ita fa? Ita ma baiwar Allah ce, a gidana take, ranar layya ba a barin baki a gida bai taɓa nama ba. Na zaɓo mata masu tsoka-tsoka." Ta ɗan yi dariya. "Ashe tana da ladabi. Ko haushi ba ta yi mini ba."

Wata nawa ina jiran tsohuwar nan ta dubi karyar da idon rahama? Ga shi ta duba. Na ce, "An gode, Hajiya. Allah ya karɓi ibada."

Na rufe ƙofa na tsince ɓaraguzan. Na kira likitan dabbobi, ya tafi garinsu salla. Ya ce in sa mata ido, wani karen yana ci ya kwana lafiya, kar in ba ta komai don ta yi amai, in ga ko za ta sha ruwa. Na kira wani, salula a kashe. Na yi ta faɗa wa kaina ai karnukan titi kullum ci suke, ba abin da ke samunsu.

Da safe ta ƙi abinci. Zuwa azahar ta fara amai, ta tanƙware baya, cikinta ya yi tauri kamar ƙwarya. Ta ƙi ruwan ma. Madam ta zo da mota muka zaga gari, duk inda muka je a rufe, kowa na wajen rabon nama. Sai washegari likitan ya iso, kai tsaye daga tasha. Ya taɓa cikin, ya duba dasashinta, ya girgiza kai. Ya ce ta yi nisa, ga tsufa, abin da ya rage a sauƙaƙa mata. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata, a kan zanen sallar da sai ranar na ɗaura. Na ce, "Ke, yi haƙuri." Ta motsa wutsiya sau ɗaya.

Dattijon nan mai lambu ya ba mu gefen da suka taɓa zama, muka rufe ta a can. Madam ta ce in rubuta wa gurup, in faɗi abin da ya faru don ya zama darasi. Na ce mata wannan satin ta nemi wani ya rubuta.

Da magariba ina zaune a falo, ƙofa a rufe don na saba, sai aka yi sallama. Hajiya ce da kanta, da kwano a hannu, kwanonta na gaske mai furanni, ba murfi ba. Ta shigo har ciki, abin da ba ta yi ba tun damina. Ta zauna a bakin kujera ta dubi inda tasar ruwan take.

"Ashe baƙuwarki ta tafi. Allah sarki. Tsufa ne, ɗiyata, kowa da ranarsa. Ni har na fara tunanin in ce ki bar ta zuwa bayan damina." Ta turo mini kwanon. "Ci, kin rame. Ni dai abin da ya sanyaya mini rai, ba ta bar gidana da yunwar layya ba. Ta ci kuwa? Ta cinye duka?"

Na dubi fuskarta, tana jira, idonta har ya kawo ruwa.

Na ce, "Ta ci, Hajiya. Ta cinye duka."